Yadda Ake Odar Sassan Jitar Lantarki Daga Ƙasashen Waje

Yawancin jitocin lantarki da ake kaɗawa a Kano, Jos, Kaduna, Yamai da Agadas ko dai masu rahusa ne ƙirar Sin da Indonesiya, ko kuma 'yan gwanjo ne da suka sha hannu kafin su iso. Suna aiki, amma wata rana wuyan jita yakan karkace, ko ƙarafan firet, wato siraran ƙarafan da ke gicciye a kan wuya inda ake danna tsirkiya, su cinye, ko maɗaukin sauti, wato na'urar da ke ɗaukar muryar tsirkiya ta kai ta lasifika, ya mutu, sai mai ita ya zagaye shagunan kayan kiɗa ya rasa abin da zai maye gurbinsa da shi. A nan ne tunanin yin oda daga waje yake zuwa, kuma tunani ne mai kyau, domin tun a shekarun 1950 da Leo Fender, maƙerin jita ɗan Amurka, ya fito da jitar da ake ɗaure wuyanta da sukurori huɗu maimakon a liƙa shi da gam, jita ta zama abin da ake kwancewa a sake haɗawa, har masana'antu suka tashi ba su da wata sana'a sai ƙera mata sassa bisa yadda mai saye ya tsara.

Na yi shekaru ina gyara jitoci ina kuma haɗa su, kuma abin da na gani shi ne yawancin kuɗin da mutanenmu suke asara a wannan harka ba 'yan damfara ne suke cinye shi ba. Kaya ne masu kyau suke isowa lafiya lau, sai a tarar ba su shiga jitar da aka saye su dominta ba, saboda bambancin milimita uku ko huɗu. Don haka ne wannan jagora ta fi ba awo muhimmanci a kan komai.

Mataki na farko: auna jitar da ke hannunka

Kafin ka buɗe shafin kowane kamfani, ka nemi rula ta ƙarfe da kuma kalifa, wato ma'aunin nan mai baki biyu da masu juya ƙarfe suke auna kauri da shi. Tef ɗin tela ba zai yi wannan aiki ba. Ka ware takarda guda ka riƙa rubuta kowane awo sau biyu, da milimita da kuma inci, domin kamfanonin Amurka da inci suke magana, na Jamus da Japan da Sin kuwa da milimita, kuma inci ɗaya milimita 25.4 ne.

Awon da ya fi kowanne shi ne tsawon tsirkiya. Ka auna daga gefen matashin da tsirkiyoyi suke hawa a kusa da kan jita zuwa tsakiyar firet na 12, sannan ka ninka sau biyu. Idan ka sami kusan milimita 648, wato inci 25.5, jitarka ta bi tsarin Fender. Idan kuma kusan 628 ne, wato inci 24.75, tsarin kamfanin Gibson ke nan. Tazarar da ke tsakanin firet da firet daga wannan tsawo ake lissafa ta, saboda haka idan ka ɗaura wuyan wani tsawo a jikin da aka yi wa wani, duk yadda ka kai ga ɗaure tsirkiya muryoyin ba za su taɓa daidaita ba da zarar yatsunka sun gangaro ƙasa. Akwai wuyan da ake ƙerawa musamman domin sauya tsawo, amma sai ka ambata shi da bakinka a cikin oda. Ka kuma lura cewa yawancin jitoci masu tsarin Gibson liƙa musu wuya ake yi, ba a sauya shi da sukundireba.

Sai gurbin da dunduniyar wuya take zama a ciki. A tsarin Fender faɗinsa milimita 55.6 ne, zurfinsa kusan 16, tsawonsa kusan 76. Jitoci masu rahusa da suka kwaikwayi siffar Fender sau da yawa sukan kauce wa wannan awo da milimita ɗaya ko biyu, kuma wannan kaɗai ya isa wuyan ya ƙi shiga, ko ya shiga yana lilo. A cikin jitocin Fender, ƙarshen dunduniyar samfurin Stratocaster a zagaye yake, na Telecaster kuwa a miƙe, ka duba ka ga wanne ne gurbinka yake karɓa.

Jakin da tsirkiyoyi suke hawa a kan jiki, kamar yadda masu goge da kukuma suke kiran nasu, shi ne wurin da na fara ƙona hannuna. Na taɓa tara kuɗi na yi odar jaki mai kyau na ƙarfe daga wani shago a Amurka domin wata jita ƙirar Asiya, na jira shi fiye da wata guda, ranar da ya iso na ɗora shi a kan jikin jitar sai na ga ramukan tsakiya biyu ne kawai suka yi kusa da haɗuwa, sauran huɗun kowanne ya zame gefe. Tazarar sukurori shida na tsohon tsarin Amurka, daga na farko zuwa na ƙarshe, milimita 56.4 ce, ta yawancin ƙirar Asiya kuwa 52.4. Laifin nawa ne, domin awon yana rubuce a shafin ban karanta ba. Har yau jakin yana cikin akwatina a naɗe da takardarsa.

Ragowar awon ƙanana ne, amma kowanne yana iya tsayar da aiki. Ramukan kunnuwan ɗaure tsirkiya ko dai kusan milimita 8.7 ne na tsohon yayi, ko 10 na zamani. Ƙaramin rami ana iya faɗaɗa shi a hankali, babba kuwa sai an sayo zoben cike gurbi. Maɓallan ƙara da rage murya ƙirar CTS ta Amurka suna buƙatar rami mai milimita 9.5, alhali na Asiya yawanci 8 ne ko ƙasa da haka, kuma haƙoran da murfin yake kamawa 24 ne a wancan, 18 a wannan, don haka murfin ɗaya ba ya hawa ɗaya. Idan bahago ne kai, ka rubuta haka a saman takardar da manyan baƙaƙe, domin jiki da wuya da jaki da garkuwar fuska, wato farantin da ke rufe gaban jiki, duk sukan juya.

Mataki na biyu: tsara wuyan da yanayinmu zai ƙyale

Idan kuɗinka na abu ɗaya ne kawai, ka sa shi a wuya. Shi ne hannunka yake riƙe da shi sa'o'i, kuma shi ne abin da kafinta a nan ba zai iya yi maka daidai ba, saboda yankan gurbin firet yana buƙatar na'ura.

Kamfanin zai tambaye ka faɗin wuya a wajen matashi, wanda yakan kama daga milimita 41.3 zuwa 43. Zai tambaye ka doron allon yatsu: inci 7.25 shi ne tsohon Fender mai tudu sosai, 9.5 na zamani, 12 na Gibson wanda ya fi shimfiɗa, akwai kuma mai canzawa wanda yake farawa da tudu a sama ya shimfiɗe a ƙasa, kamar daga 10 zuwa 16. Mai yawan jan tsirkiya sama domin murya ta yi kuka ya fi jin daɗin shimfiɗaɗɗe, mai kaɗa rakiya kuwa tudu ba ya damunsa. Kauri da siffar bayan wuya ba a zaɓarsu daga hoto. Ka nemi jitar da hannunka ya fi sakewa a kanta, ko ta aboki ce, ka auna kaurinta a firet na 1 da na 12, ka nemi mafi kusa da wannan.

Abin da shafukan waje ba za su faɗa maka ba shi ne hunturu. Masu ƙera jita suna ajiye itacensu a ɗakin da danshin iskarsa yake tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari. A arewacin Nijeriya da Nijar, daga Disamba zuwa Fabrairu danshin yakan faɗi ƙasa da kashi 20, sannan a watan Agusta iska ta jiƙe sharkaf. Itace yana shan wannan danshi yana kuma amayar da shi, ƙarfe kuwa ba ruwansa. Shi ya sa wuyan da ya iso da damina sumul, idan hunturu ya kankama sai allon yatsu ya tsuke, bakin kowane firet ya leƙo a gefe yana kartar hannu kamar haƙorin zarto. Na ga makaɗin da ya tashi daga biki da jini a gefen yatsarsa saboda wannan.

Maganin yana farawa tun daga oda. Akwai itacen mefil da ake gasawa a tanda marar iska har ya yi launin zuma mai duhu. Irin wannan ba ya shan danshi kamar ɗanye, kuma a ganina ƙarin kuɗinsa ya cancanta ga duk wanda yake zaune a yankinmu. Idan mefil na yau da kullum za ka saya, ka biya a shafe maka shi da fenti mai tauri tun daga can, domin wasu kamfanoni suna janye garantinsu idan aka bar shi tsirara, kuma fentin feshi da sinadaran tsarma shi ba a yarda a ɗauko su a jirgin sama ba saboda suna kama wuta. Ka zaɓi sandar ƙarfen cikin wuya, wadda ake daidaita lanƙwasarsa da ita, mai gyaruwa ta fuska biyu, ka tabbatar kuma bakinta yana wajen kai ko a gefen da za ka kai gare shi ba sai ka kwance wuya ba, domin a nan sau biyu a shekara za ka taɓa ta. Firet na ƙarfen da ba ya tsatsa ya fi na gargajiya daɗewa nesa ba kusa ba, kuma tun da masu sake firet ba su da yawa a garuruwanmu, wannan ma kuɗi ne da ba a zubar ba.

Mataki na uku: jiki da kayan lantarki

Jiki shi ne ya fi tsadar ɗauka kuma shi ne ya fi ƙarancin tasiri a kan yadda jita take kaɗuwa, don haka idan naka bai fashe ba kuma gurbinsa daidai yake, ka bar shi. Idan dole ne sai sabo, ka faɗi nauyin da kake so, kusan kilo biyu ko ƙasa da haka ga mai tsayawa dare guda da jita a kafaɗa, ka kuma nemi a rarake gurbin maɗaukan sauti da faɗi yadda zai karɓi kowane iri nan gaba. Abin da shagunan suke kira mahogani na Afirka ɗan'uwan maɗacinmu ne, baƙin itacen allon yatsu da ake kawowa daga Kamaru kuma dangin kanya ne.

Maɗaukin sauti, wanda masu gyara suke kira fikof, iri biyu ne: mai naɗin waya ɗaya, mai murya siririya mai kaifi, da mai naɗi biyu da ake kira hambaka, mai murya mai kauri. Mai naɗi ɗaya yana tsintar gurnanin wutar lantarki, kuma duk wanda ya taɓa kiɗa a filin biki da janareto a bayan rumfa ya san wannan gurnani. Hambaka an ƙirƙire shi ne domin ya kashe shi, akwai kuma masu siffar naɗi ɗaya da aka yi su ba sa gurnani. Ka haɗa da tef ɗin jan ƙarfe na lulluɓe ramin wayoyi a cikin odar, ba shi da nauyi ba shi da tsada. Maɓallin murya mai lambar 250k ake haɗawa da mai naɗi ɗaya, 500k da hambaka. Hambakan da zai zauna kusa da jakin Fender ana yinsa da tazara mai ɗan faɗi, kusan milimita 52 zuwa 53, ka duba wannan kafin ka biya.

Mataki na huɗu: zaɓen wanda za ka saya a wurinsa

Warmoth da ke jihar Washinton a Amurka tun 1980 yake ƙera wuya da jiki bisa tsarin mai saye. StewMac da ke Ohayo ya shahara da kayan aikin gyara da ƙananan sassa, Allparts kuma yana Tekzas. Thomann babban shago ne a Jamus mai tara kayan kamfanoni da yawa. Gotoh na Japan da Schaller na Jamus suna yin kunnuwa da jakuna, Seymour Duncan da DiMarzio suna yin maɗaukan sauti. A AliExpress akwai sukurori da garkuwa da murafe masu araha waɗanda ba laifi a saya, kuma da yake da milimita ake yinsu sau da yawa su ne suka fi dacewa da jitocinmu. Amma idan ka ga maɗaukin sauti mai babban suna a kashi ɗaya cikin biyar na farashinsa, a kowace kasuwa ce, jabu ne.

Ba kowane shago ne yake aikowa Nijeriya ko Nijar kai tsaye ba. Ka duba shafinsu na aika kaya tun kafin ka ɓata lokaci kana tsara wuya. Idan ba sa aikowa, akwai kamfanonin da suke ba mutum adireshi a Amurka ko Ingila su karɓi kaya su turo, ko kuma ɗan'uwa mai dawowa gida. Wuya yana da tsawon kusan santimita 66, yana shiga babban akwatin tafiya idan aka kwantar da shi a karkace a tsakiyar tufafi.

Mataki na biyar: rubuta musu kafin ka biya

Kayan da aka ƙera maka bisa tsarinka ba a mayar da su, sai dai idan kuskuren daga kamfanin ne. Saboda haka ka aika saƙon imel gajere mai ɗauke da awonka duka, da hoton gurbin wuya da kalifa a cikinsa yadda lambar take fitowa, ka tambaye su kai tsaye ko sassan da ka zaɓa za su zauna da juna. Ka tambayi makonni nawa aikin zai ɗauka, domin ƙira takan ci makonni da dama kuma fenti yana ƙara mata, sannan ko za su huda ramukan sukurori da na kunnuwa, ko kuma matashin an yanke masa gurbin tsirkiya. Ka ambaci kaurin tsirkiyar da kake amfani da ita. Amsar da suka bayar a rubuce ka adana ta, ita ce hujjarka. Kamfanin da ya yi mako biyu bai amsa tambayar mai son saye ba, kada ka sa ran zai amsa kukan wanda ya riga ya biya.

Mataki na shida: lissafin kuɗi, biya da kwastan

Farashin da ke shafi rabin labari ne. Kamfanonin jigila kamar DHL suna kwatanta nauyin kaya da girman kwalinsa su caji wanda ya fi yawa: ana ninka tsawo da faɗi da tsayi a santimita a raba da 5,000. Kwalin jiki mai 55 da 42 da 12 zai tashi sama da kilo biyar da rabi a lissafinsu, ko da abin da ke ciki kilo biyu ne. Shi ya sa ya fi kyau a tara ƙananan kaya a oda guda, ko makaɗa biyu ko uku su haɗa kai su raba kuɗin ɗauka. Shagunan Tarayyar Turai sukan cire harajinsu na cikin gida, wanda a Jamus kashi 19 ne, idan kayan fita za su yi daga Tarayyar kai tsaye.

Kwastan kuma suna lissafa kuɗin fito a kan farashin kaya haɗe da kuɗin ɗauka da inshora, ba a kan farashin kaɗai ba, sannan a ɗora harajin kayan masarufi, kashi 7.5 a Nijeriya, kashi 19 a Nijar. Lambar da sassan jitar lantarki suke shiga a jadawalin kwastan na duniya ita ce 9209.94, tsirkiyoyi kuma 9209.30; ka roƙi mai sayarwa ya rubuta ta a takardar farashi. A watan Satumba na 2025 hukumar kwastan ta Nijeriya ta sanar da yafe kuɗin fito ga ƙananan saƙonnin da darajarsu ba ta wuce dala 300 ba, bisa wasu sharuɗɗa, don haka ka tambayi ofishin kamfanin jigilar yadda abin yake a ranar da za ka yi oda. Kada ka nemi a rage farashi a takarda domin kauce wa haraji: laifi ne, kuma idan kayan suka ɓata abin da aka rubuta kaɗai inshora za ta biya.

Batun itace yana da tasa doka. Daga 2 ga Janairun 2017 yarjejeniyar CITES, ta kare tsirrai da dabbobin da ke fuskantar ƙarewa, ta sa ido a kan cinikin dukan dangin itacen rozwud, a zagayen da madobiyarmu ma ta shiga jerin, har aika wuya ɗaya ya koma buƙatar takardar izini. A ƙarshen 2019 aka sassauta wa kayan kiɗa da sassansu da aka gama ƙerawa. Sassaucin bai shafi rozwud na Barazil ba, wanda yake ƙarƙashin hani mai tsanani tun 1992, kuma bai shafi ɗanyen katako ba. Ka sayi gamammen wuya, ka guji na Barazil, ka kuma sa a rubuta sunan itacen a takarda.

Wajen biya, ka tambayi bankinka iyakar dalar da katinka na naira yake iya kashewa a waje, domin abin yana sauyawa. Katin asusun dala ya fi tabbas ga oda babba. Ka biya ta kati ko ta PayPal a matsayin sayen kaya, hanyoyin da ake iya shigar da ƙorafi ta cikinsu, kada ka tura kuɗi asusun wani mutum da ka haɗu da shi a Instagram ko Facebook. Sunan da ke kan saƙon ya zama daidai da na katin shaidarka, lambar waya kuma ta fara da +234 ko +227, domin da waya direba zai neme ka ba da adireshi ba. Ka zaɓi jigila mai lambar bin sawu da inshora.

Mataki na bakwai: ranar da kaya suka iso

Ka duba kwalin a gaban wanda ya kawo, idan ya lotsa ka ɗauki hotonsa kafin ka sa hannu. Ka ɗauki bidiyon buɗewa daga farko har ƙarshe ba tare da yankewa ba. Ka auna komai ka gwada da takardarka kafin ka huda ko rami ɗaya, domin da zarar sukuru ya shiga itace maganar canji ta ƙare.

Daga nan ka bar wuyan ya huta kamar mako guda a ɗaki mai inuwa, nesa da taga da bango mai zafi, kada kuma ka bar shi a mota ko na awa ɗaya. Idan za ka ɗaura shi, ka matse shi a gurbi, ka ja tsirkiya ta farko da ta shida ka ga tazararsu daga gefen allo ta yi daidai hagu da dama, sannan ka yi alama ka huda ramin share fage da ƙaramin baki, ka naɗa masa tef a iyakar zurfin da kake so don kada ya ɓullo ta allon yatsu. Ka goga wa sukurorin kyandir ko busasshen sabulu, musamman ƙananan na kunnuwa, waɗanda kansu yakan tsinke a cikin mefil. Haɗa wayoyi, idan ba ka saba da dalma ba, mai gyaran rediyo zai yi maka cikin rabin awa muddin ka buga masa zanen haɗin daga shafin kamfanin.

Bayan an ɗaure tsirkiyoyi, ka danna ta shida a firet na farko da na ƙarshe ka duba ratar da ke tsakaninta da firet na 8. Kusan kwatan milimita ake nema, kamar kaurin katin gayyata marar kauri. Sandar cikin wuya ana juya ta da alanki wanda ya dace da ita daidai, inci ɗaya bisa takwas a wasu na Amurka, milimita 4 a yawancin na Asiya, kuma kada juyi ya wuce kwata a lokaci guda, ka bari ya kwana kafin ka ƙara. Idan hunturun farko ya zo bakin firet ya leƙo, ka rufe allon da tef ɗin takarda ka goge su da ƙaramin magagari mai laushi a lokacin da iska ta fi bushewa, wajen watan Janairu, domin a lokacin ne itacen ya kai ƙarshen tsukewarsa, kuma yawanci gugar shekara ɗaya ta wadatar.